Na'urar Nuna Hanya Ta Mota: Bayani Ga Hakimai Da Malamansu Na Ƙasar Yawuri

A yanzu direbobi da yawa suna liƙa wata 'yar na'ura a jikin gilashin gaban mota, mai fuska kamar ta wayar hannu, wadda ta ke nuna taswira, ta kuma yi magana ta ce a bi dama ko hagu. Sunanta GPS. Tun da hakimai ba su rabuwa da rangadi, ya kamata su da malamansu su san abin da ta ke iyawa da abin da ba ta iyawa, tun ba a kashe kuɗi a kanta ba.

YADDA TA KE AIKI

Sojojin Amurka ne suka ƙago wannan dabara. Sun harba tauraron ɗan'adam na fari a 1978, a 1995 kuwa aka bayyana cewa aikin ya kammala da taurari 24. Taurarin nan suna shawagi a nisan wajen kilomita 20,200 daga ƙasa, kowanne yana kewaya duniya sau biyu a kwana ɗaya, yana aiko da saƙo mai faɗin inda ya ke da kuma lokacin da saƙon ya tashi. Na'urar da ke cikin mota sauraro kaɗai ta ke yi. In ta ji taurari huɗu ko fiye, sai ta lissafa nisanta da kowanne, daga nan ta gane inda ta ke. Saboda haka ba ta bukatar layin waya, ba ta kuma cin kati. Da fari da gangan a ke rage wa farar hula daidaiton saƙon, har kuskure ya kan kai mita 100. An daina haka a watan Mayu na shekarar 2000, yanzu kuwa a fili kuskuren ba ya wuce 'yan mitoci. Rasha da Sin da ƙasashen Turai su ma suna da nasu taurarin, wasu na'urori kuma suna jin fiye da iri ɗaya.

To, a nan ne a ke yawan ruɗewa. Taurari ba su san hanya ba. Abin da su ke bayarwa lambobi biyu ne kurum, watau lambar arewa da lambar gabas. Hanyoyi da gadoji da sunayen garuruwa duka suna cikin taswirar da mutane suka zana suka zuba cikin na'urar. In taswirar ta tsufa, ko ba ta cika ba, na'urar za ta san inda ta ke sarai, ta kuma ɓad da mai ita.

ZAƁE

Don haka wanda aka aika sayen na'ura, taswira zai fara dubawa kafin ya tambayi kuɗi. Yawancin waɗanda a ke shigowa da su na hannu, irin na Garmin da TomTom, da taswirar Amurka ko ta Turai su ke zuwa. Irin wannan in an kunna ta a Yelwa sai ta nuna mota zaune a fili fetal, ba komi kewaye da ita. Ya kamata malami ya sa mai kanti ya kunna ta a gabansa, ya nemo Yelwa, da Wara, da Shanga, da Birnin Yawuri. Babbar hanyar da ta taso daga Kontagora ta bi ta Yelwa da Koko da Jega zuwa Sakkwato kusan kowace taswirar Nijeriya tana da ita, ganinta ba shaidar komi ba ne. Ƙananan hanyoyin da suka ratse suka nufi bakin ruwa su ne ma'auni. Ya kuma tambaya ko a kan iya sabunta taswirar, da ko na'urar tana karɓar katin ajiya, gama akwai taswirar kyauta mai suna OpenStreetMap wadda a ke iya zuba wa na'urorin Garmin da yawa.

Abu na biyu, lalle ta zama mai yarda a rubuta mata lambobin wuri da hannu, a kuma ajiye wurin da sunan da aka ga dama. Za a ga dalilin wannan a gaba. Sauran abubuwa masu sauƙi ne. Fuska mai inci 5 ta isa ƙaramar mota, a dai gwada ta cikin rana a ga ko tana karantuwa. Batirinta ba ya daɗewa, da wutar mota ta ke rayuwa, saboda haka a tabbata ramin caji na motar yana aiki, a sayi waya ta biyu a ajiye. Wanda ke da babbar wayar hannu ya iya sauko da taswirar yankinsa ya ajiye a ciki, ta yi masa aiki ko ba intanet. Ga hakimin da ba ya fita sai jefi-jefi, wannan ya wadatar, ba sai an sayi na'ura dabam ba.

ABIN DA TASWIRA BA TA SANI BA

Ƙasar Yawuri ta fi wurare da yawa wuyar zanawa, dalili kuwa tafkin Kainji ne. An fara ginin madatsar a 1964, aka datse kogin Kwara a 1968, ruwa ya komo baya fiye da kilomita 130 har kusa da Yelwa. Tsohuwar Busa ta nutse, haka yawancin tsibirin Foge, aka ta da mutane wajen 44,000 aka gina musu sababbin matsugunai, galibi da sunayen garuruwansu na dā. Sunan da aka kwafo daga tsohuwar taswira ya kan iya nuna wurin da yau kifi ne ke kwana a cikinsa.

Bayan wannan, bakin tafkin ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ruwa biyu ke cika shi kowace shekara: farin ruwa, wanda ke zuwa da damina daga rafukan ƙasarmu, da baƙin ruwa, wanda ya ke tasowa daga duwatsun Gini, ya yi jinkiri a fadamun Mali, ya iso nan da sanyin hunturu. Daga bazara kuma ruwan ya yi ta janyewa har tsakiyar damina. Filin da ya bari manoma su shuka, masu mota su tattake hanya a kai, bayan 'yan watanni duka ya sake shafewa. Taswira layi ɗaya ta zana wa bakin ruwan, ba ta san wata ba, ba ta san shekara ba. Haka nan ba ta san rafin da ya kawo jiya da dare a ƙasar Shanga ba, ko kwalbatin da ya karye. In ta ja layi daga Zamare zuwa Rofia, ba za ta faɗi ko akwai jirgin fito a ranar ba. A cikin jirgin ruwa kuwa ba a dogara da ita ko kaɗan, domin ba ta san zurfi ba, balle kututturan itatuwan da ke ƙarƙashin ruwa.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi. Na'ura ta kan zaɓi hanya mafi kusa ko mafi sauri, ba ta da labarin 'yan bindiga. Wanda ya tuna sace ɗaliban kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yuni na 2021 ba ya bukatar a tsawaita masa bayani. In na'ura ta ce a ratse cikin daji, dagaci ko jami'an tsaro suka ce a'a, maganarsu a ke bi. Direban da ya saba wa wannan, ya kamata hakimi ya tsawata masa tun ran fari.

Sai batun sunaye. Akwai Yelwa a jihar Filato, akwai wata a Bauci, Tunga da Sabon Gari kuwa ba su ƙirguwa. Rubutu ma ya kan bambanta: Yauri da Yawuri, Wara da Warrah, Bin Yauri da Birnin Yauri. Kafin mota ta tashi, malami ya dubi nisan da na'urar ta bayar, ya auna da abin da ya sani.

AIKIN MALAMIN HAKIMI

Babban amfanin na'urar ga ofishin hakimi shi ne a cike abin da taswira ta rasa. Duk inda rangadi ya kai, malami ya tsaya a fili, ba ƙarƙashin itace ko rufin kwano ba, ya dakata minti ɗaya ko biyu lambobi su natsu, sa'an nan ya ajiye wurin: ƙofar gidan dagaci, makaranta, ɗakin shan magani, kasuwa, mashigar jirgi. Ya kuma kwafe lambobin cikin littafi da tawada, tare da ranar wata, da bayanin ko hanyar ta rani ce kaɗai. Na'ura ta kan lalace ko a sace ta, littafin kuwa zai yi wa ma'aikatan rigakafi da masu kai agajin ambaliya amfani.

Wajen rubuta lambobi a yi hattara, gama salo biyu ne. Yelwa tana wajen digiri 10 da minti 50 arewa, digiri 4 da minti 44 gabas. Minti 60 ke cikin digiri ɗaya, saboda haka a ɗaya salon, mai ɗigo, lambar arewa ta zama 10.83. Malamin da ya rubuta 10.50 ya tura mai nemansa kudu da Yelwa da kilomita 37. Ofishi ya zaɓi salo ɗaya, a rubuta shi a shafin farko na littafin.

Kada kuma a yanke rikicin iyakar gona da wannan na'ura. Tsofaffin taswirorin safiyo na Nijeriya a kan ma'aunin Minna aka yi su, na'urar kuwa da ma'aunin WGS 84 ta ke aiki, bambancinsu ya isa ya cinye kadadar mutum. Wannan aikin ma'aikatan safiyo ne da dattawan da suka san iyaka.

Direba ba ya taɓa na'ura mota tana tafiya, malamin da ke gefensa shi zai riƙa dubawa. A liƙa ta ƙasa-ƙasa inda ba za ta tare hanya ba. In an tsaya, a cire ta a sa a jaka, musamman a watannin Maris da Afrilu, domin zafin mota rufaffiya ya kan kumbura batir, ya kuma saki robar da ke riƙe da ita. A goge zoben da robar ta bari a gilashi, don ɓarayi da shi su ke gane motar da ke da na'ura.