Tarukan Masana da Kyautukan Matasa Masu Bincike: Misali Daga Cutar Jijiyoyin Motsi

A jikin ɗan Adam akwai wasu ƙwayoyin jijiya da ke ɗauko umurni daga ƙwaƙwalwa, su bi ta laka, su isar da shi ga tsoka. Da su ake tafiya da magana da haɗiya da numfashi. Idan suka soma mutuwa ɗaya bayan ɗaya, sai tsoka ta rame ta daina aiki, alhali ji da gani suna nan yadda suke. Wannan ita ce cutar jijiyoyin motsi, wadda likitoci ke kiran nau'inta mafi yawa da ALS. Bai kamata malami ya rikita ta da shan-inna ba. Shan-inna ƙwayar cuta ce ke kawo ta, kuma tana da rigakafi. Wannan kuwa ba a ɗaukar ta daga wani, kuma har yau ba ta da maganin warkewa. Galibin masu ita kan rasu cikin shekara 2 zuwa 5. Masanin kimiyyar nan na Ingila, Stephen Hawking, wanda aka gano tasa a 1963 ya kuma kai 2018, irinsa ba su da yawa.

Likitan Faransa Jean-Martin Charcot ne ya bayyana cutar a birnin Paris a 1869, amma aka shafe sama da shekara 120 ba a gano ko ƙwayar gado ɗaya da ke haddasa ta ba. Wani ɓangare na dalilin shi ne ƙarancin masu ita: kowane asibiti 'yan ƙalilan yake gani, abin da bai isa a yanke hukunci a kai ba. Ke nan dole masana su haɗa abin da ke hannunsu. A 1990 ƙungiyar kula da masu wannan cuta ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1979, ta kira taron duniya na farko a Ingila, kuma tun daga nan ake yin sa shekara-shekara, a birane irin su Dublin a 2016 da Basel a 2023. A 2020 annobar korona ta sa aka yi shi ta intanet. A irin wannan zama mai bincike kan gabatar da sakamakonsa, abokan aiki su yi masa tambayoyin ƙure, wani lokaci su rushe aikin shekaru cikin minti goma. Abin da zafi, amma gara a gano kuskure a zauren taro da a gano shi a jikin majinyaci.

Me ya sa ake ware wa matasa kyauta? Amsar tana cikin tsawon lokacin da aikin ke ci. An gano ƙwayar gado ta SOD1 a 1993, amma sai a 2023 Amurka ta amince da tofersen, maganin da aka yi domin masu lahani a wannan ƙwaya. Shekara 30 ke nan, kusan duk rayuwar aikin mutum guda. Wanda ya fara bincike ba lalle ne shi zai ƙarasa ba. Ga shi kuma matashin da ya gama digiri na uku ba shi da kujera tabbatacciya, kuma masu ba da kuɗi sun fi sakin jiki da wanda ya riga ya yi suna. In bai sami tallafi ba sai ya koma fagen da ya fi maiƙo. Wannan giɓi ne ake toshewa da tallafin Milton Safenowitz na ƙungiyar ALS ta Amurka, da kyautar Paulo Gontijo ta ƙasar Brazil, wadda aka sha miƙa wa matasa a wurin taron duniya.

Aiki: Ɗalibi ya tsamo kalmomin kimiyya biyar daga wannan darasi, ya bambanta na aro da ƙirƙirarru, sannan ya nuna yadda zai bayyana wa 'yan aji shida na firamare ma'anar "ƙwayar gado".