Hukumar Lasin Masu Duba Gidaje a Amurka

Kun san dubagari, wanda ke shiga gida ya duba tsabta. A Amurka akwai wani mai dubawa dabam. Shi ba ma'aikacin hukuma ba ne, sana'arsa ce. Idan mutum zai sayi gida, sai ya biya shi lada ya duba masa lafiyar ginin kafin a gama ciniki. Yakan duba harsashi da rufi, da wayar lantarki, da bututun ruwa, da na'urar ɗumama ɗaki da ta sanyaya shi. Sa'an nan ya rubuta abin da ya gani.

Yawancin gidajensu na katako ne, fenti kuwa yana ɓoye ruɓa. Mutum kan ci bashin shekara 30 don ya sayi gida ɗaya. To, in mai dubawa jahili ne, ko ya haɗa baki da dillali, mai saye ya shiga uku. Saboda haka jihohi da yawa suka kafa hukuma mai lura da masu wannan sana'a. Bari mu ɗauki jihar Karolina ta Arewa.

Majalisar jihar ta yi dokar a 1994. Daga 1 ga Oktoba, 1996, ba wanda zai karɓi kuɗi ya duba gida sai mai lasin. Wakilan hukumar takwas ne. Huɗu masu duba gida ne, ɗaya ɗan kwangilar gini, ɗaya dillalin gidaje, ɗaya talaka mai tsayawa a madadin jama'a, ɗaya kuma babban ma'aikacin gwamnati. An gauraya su haka don kada 'yan sana'a ɗaya su rufa wa junansu asiri.

Aikinta na fari shi ne tantance mai neman lasin. Sai ya yi karatu na awa 120 a aji, ya bi gwani awa 80 yana koyo a cikin gidaje, sa'an nan ya ci jarrabawa. Dole kuma ya yi inshora ta dala 250,000, saboda ɓarnar da ka iya aukuwa a bakin aiki. Lasin ba na har abada ba ne. Yana mutuwa ran 30 ga Satumba kowace shekara, ba a kuwa sabunta shi sai mutum ya ƙaro ilmi na awa 12.

Hukumar ce kuma ke tsara yadda za a yi aikin. Kafin a fara, sai an rubuta yarjejeniya an sa hannu. Bayan an gama, sai a ba mai saye rahoto a rubuce a ranar da aka yi alkawari. In ba a sa rana ba, to, cikin kwana uku na aiki. Ku lura da wannan, magana ta baki ba ta isa. Wanda ya iya karatu shi zai karanta rahoton da kansa, ya ga inda rufi ke yoyo, ya nemi ragi ko ya fasa sayen.

Amma mai dubawa ba ya fasa bango. Abin da ido ke iya kaiwa gare shi kaɗai ake tambayarsa. Binciken gara ma yana da nasa lasin dabam.

Akwai ka'idodin riƙon amana. Kada ya karɓi la'ada daga dillali ko magini a kan gidan da yake dubawa. Kada ya gaya wa wani abin da ya gani sai da yardar wanda ya sa shi aiki. In yana da wata riba a cikin cinikin, ya faɗa tun da wuri. A ganina nan ne ƙashin bayan dokar, gama mai saye baƙo ne na rana ɗaya, dillali kuwa kullum suna haɗuwa da mai dubawa.

Wanda aka cuta ya kai ƙara ga hukumar a rubuce. Za ta bincika, ta ji ta bakin wanda ake ƙara. In laifi ya tabbata, tana iya ja masa kunne, ko ta komar da shi aji, ko ta dakatar da lasinsa, ko ta ƙwace shi ɗungum. Mai aiki ba lasin kuwa ya karya doka, ana iya kai shi gaban alƙali. Sai dai maganar diyya ta kotu ce, can mai gida zai nemi kuɗinsa.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin dubagari da mai duba gida na Amurka?
2. Don me aka sa talaka a cikin wakilan hukumar?
3. Cikin kwana nawa ake ba da rahoto in ba a sa rana ba?