Hukuncin Shiga da Fita Garin Annoba: Darasi Daga Iyakar Zazzau da Kano

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda bai saukar da wata cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, karatun wannan mako a kan mas'ala guda yake, wadda ta tayar da gardama a zaurukan malamai da tashoshin mota a shekarar 2020, watau ko ya halatta ga Musulmi ya shiga garin da annoba ta sauka, ko ya fita daga cikinsa, bayan likitoci da hukuma sun hana.

Da wuya a sami inda wannan tambaya ta yi ƙuna kamar ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan. Mutanen wannan yanki, tun daga Malikanci har Hunkuyi, 'yan Jihar Kaduna ne, talakawan Sarkin Zazzau, amma ciniki da auratayya da neman ilmi sun ɗaure su da Kano tun kaka da kakanni. Rake da tumatir da hatsin da suke nomawa suna bin hanyar Kano kamar yadda suke bin ta Zariya. Saboda haka ranar da aka ce an rufe iyaka, ƙofar abincinsu aka rufe.

An sami mutum na farko mai cutar korona a Nijeriya ran 27 ga Fabrairu, 1920 da shekara ɗari, watau 2020, a Legas. Kafin ƙarshen Maris Gwamnatin Kaduna ta kafa dokar kulle ta dare da rana, ta dakatar da sallar Juma'a da taron coci, har shi kansa Gwamna Nasiru El-Rufa'i ya sanar ran 28 ga watan cewa ya kamu. A Kano kuwa an tabbatar da cutar ran 11 ga Afrilu, kuma cikin 'yan makonni masu haƙar kabari suka fara kukan aiki ya fi ƙarfinsu. Daga baya Ministan Lafiya, Dokta Osagie Ehanire, ya ce cikin mace-mace 979 da aka bincika a birnin, kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari suna da alaƙa da korona. Ana cikin wannan hali azumi ya kama, Ƙaramar Salla ta zo ran 24 ga Mayu, hanyar Kano tana rufe, jami'an gwamnati suna sintiri a bakin iyaka. Masu babura kuwa suka koma ɓarauniyar hanya ta cikin gonaki, suna fito da mutane. Da yawa daga masu hawa suna cewa abin da Allah ya rubuta ba ya kankaruwa.

Maganar gaskiya ce, amma an ɗora ta inda ba wurinta ba, kuma an riga an amsa ta tun zamanin Sahabbai. A shekara ta 18 bayan Hijira Sarkin Musulmi Umaru ɗan Haɗɗabi, Allah ya yarda da shi, ya tasam ma ƙasar Sham. Da ya isa wani wuri da ake kira Sarga, sai shugabannin rundunoni suka tarye shi da labarin cewa annoba ta ɓarke a ƙasar, wadda tarihi ya sani da annobar Amawasa. Ya yi shawara da Muhajirai suka saɓa, ya yi da Ansaru su ma suka saɓa, sa'an nan ya tara dattawan Ƙuraishawa, suka haɗu a kan ya koma da mutane. Abu Ubaida ɗan Jarrahu ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah zai yi. Umaru ya amsa da cewa daga wata ƙaddara ta Allah ake gudu zuwa wata ƙaddara tasa, ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kora raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kora su. Suna cikin haka Abdurrahmanu ɗan Aufu ya iso, ya shaida cewa ya ji Manzon Allah ya hana shiga ƙasar da aka ji annoba ta sauka, ya kuma hana wanda ta tarar a ciki ya fita don guje mata. Umaru ya gode wa Allah, ya juya. Imamu Malik ya kawo wannan labari a Muwaɗɗa, Buhari da Muslim ma sun kawo shi.

Abu Ubaida ya zauna da rundunarsa, ya rasu a cikin annobar, haka Mu'azu ɗan Jabal bayansa. Masu tarihi sun ce da al'amari ya koma hannun Amru ɗan Asi sai ya umarci mutane su warwatsu cikin duwatsu, kuma bayan haka cutar ta lafa. Abin da likitocin zamani suka kira ba da tazara, ga shi nan.

Akwai masu kafa hujja da hadisin da ya kore yaɗuwar cuta daga wani zuwa wani. Malamai sun daɗe da warware wannan. Abin da aka kore shi ne ƙudurin jahiliyya na cewa cuta tana tsallakawa da ikon kanta. Shi Annabin da ya faɗi wancan, shi ne ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya kai su mashaya ɗaya da masu lafiya. Kowane Bafulatani da ke kiwo a fadamun Kudan ya san wannan a aikace, ba ya bari saniya mai ciwon huhu ta shiga garkensa, kuma ba wanda ya taɓa ce masa ya rasa tawakkali.

Hujjar 'yan kasuwa ta fi wannan ƙarfi, kuma wajibi ne a yi mata adalci. Malamai irin su Imamu Nawawi sun bayyana cewa fitar da aka hana ita ce ta gudu, amma wanda ya fita don wata bukata ba laifi a kansa. To, mai kai tumatir Kano ya komo ai ba gudu yake yi ba. Amsa ita ce, korona tana iya ɓuya a jikin mutum har kwana 14 kafin ta bayyana, wani ma ba ya jin kome alhali yana raba ta. Wanda ya kwana a kasuwa ya komo ya ci tuwo a kwano ɗaya da mahaifinsa mai ciwon sukari, niyyarsa ta gari ba ta hana ƙwayar cuta aikinta. Shari'a kuwa ta ba shugaba ikon taƙaita abin da yake halal idan masana sun tabbatar da cutarwa ga jama'a, kuma tunkuɗe ɓarna yana gaba da jawo amfani.

Sai dai hukuncin da ya hau talaka ya hau mai mulki. A Afrilun 2020 gwamnonin Arewa suka shirya mayar da almajirai jihohinsu na asali, aka riƙa loda yara a motoci daga Kano, annoba tana tsakiyar ci. Da aka gwada waɗanda aka kawo Kaduna, aka sami da dama suna ɗauke da cutar. Ko mene ne ra'ayin mutum game da almajiranci, fitar da jama'a daga garin annoba a irin wannan lokaci ya saɓa wa hadisin da aka karanta wa mai babur. Haka nan wanda ya kulle mutane a gida, ciyar da mabukatansu ya rataya a wuyansa. Umarun da ya juya daga Sarga shi ne ya ciyar da dubban mutane a Madina lokacin yunwar Shekarar Toka, ya haramta wa kansa man shanu har jama'a suka samu. Da yawa daga masu karya dokar kulle yunwa ce ta fitar da su, ba raina malamai ba.

Saura batun Juma'a, wanda ya fi kome ɓata wa mutane rai. Wanda ya karanta Muhtasar na Shehu Halilu, littafin da alƙalan ƙasar nan suka dogara a kansa, ya san an lissafa uzurorin barin Juma'a da jam'i, a cikinsu akwai ruwan sama mai ƙarfi, da taɓo, da rashin lafiya, da jinya, da kuturta, har da cin ɗanyar tafarnuwa. Idan wari ya isa ya nisanta mutum daga sahu don kada ya cuci maƙwabcinsa, ina ga tari mai kisa? Hafizi Ibnu Hajar, wanda annoba ta ɗauke masa 'ya'ya mata, ya ba da labari a littafinsa Bazlul Ma'un cewa a shekara ta 833 bayan Hijira mutanen Alƙahira sun fita fili sun yi gangamin addu'a, bayan taron kuwa mace-mace suka ninka matuƙa. Makka ma ta ɗauki wannan hanya: an dakatar da Umra, kuma a 2020 da 2021 ba alhajin da ya tashi daga Nijeriya.

An sake buɗe masallatan Juma'a a Kaduna cikin Yunin 2020. Da cutar ta sake hauhawa a Disamba aka rufe makarantu, kuma a Janairun 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta wajabta takunkumin fuska, ta taƙaita masu shiga wurin ibada zuwa rabin abin da wurin yake ɗauka. Allurar rigakafi ta iso a Maris na shekarar, kuma ran 5 ga Mayu, 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan cutar. Amma mas'alar ba ta tafi da ita ba, domin sanƙarau da amai da gudawa suna zuwa da lokutansu, mashaƙo ma ya addabi Kano a 2023.

Malik ya ruwaito cewa Umaru ya ga wata mace mai kuturta tana ɗawafi, ya ce mata cikin taushin murya kada ta cuci mutane, da ta zauna a ɗakinta da ya fi. Ta zauna. Bayan rasuwarsa wani mutum ya zo ya ce mata wanda ya hana ta ya mutu, ta fito. Ta ce masa ba za ta bi shi yana raye ba, sa'an nan ta saɓa masa bayan ya mutu.