Bin Salsalar Masu Gandu a Ƙasar Ingila: Misali Daga Gidan Lucy na Charlecote

Gabatarwa

A karkarar Ingila akwai wani rukuni na jama'a da ya daɗe yana riƙe da ƙasa, wato masu gandu. Darajarsu ba ta kai ta masu sarautar Lod ba, amma ta ɗara ta manoma, domin da kuɗin hayar gonakinsu suke rayuwa. A wannan maƙala za a dubi hanyoyin bin salsalar irin waɗannan gidaje, tare da kafa misali da gidan Lucy na ƙauyen Charlecote a gundumar Warwickshire. Manufa ita ce a nuna cewa ɗorewar suna ba ta tabbatar da ɗorewar tsatson maza.

Madogarar Mai Nazari

Madogara ta farko ita ce kundayen coci. A shekarar 1538 aka umarci kowane limamin coci ya riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza. Ta biyu ita ce rangadin masu kula da tambura, waɗanda suka zaga gundumomi tsakanin 1530 da 1688 suna rubuta nasabar duk gidan da ya yi da'awar tambari. Ta uku kuwa takardun wasiyya ne da na gadon ƙasa, waɗanda sukan ambaci 'ya'ya da surukai da sunayensu. Daga 1837 hukuma ta karɓi rajistar haihuwa da aure da mutuwa. Game da Warwickshire, akwai kuma littafin tarihin gundumar da William Dugdale ya wallafa a 1656. Sai dai nasabar da masu rangadi suka rubuta daga bakin maigida ta fito, don haka wajibi ne a gwada ta da wasiyya da kundin coci kafin a amince da ita.

Gidan Lucy

Kakannin wannan gida sun zauna a Charlecote tun ƙarni na 12, kuma da sunan ƙauyen ake kiransu kafin su ɗauki sunan Lucy a ƙarni na 13. Gidan jan bulo da ke tsaye a yau Sir Thomas Lucy ne ya gina shi wajen 1558, Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya kuma ta ziyarce shi a 1572.

Tarko na farko shi ne maimaita suna. Magidanta uku a jere, uba da ɗa da jika, duk Sir Thomas Lucy suke: na farko ya rasu a 1600, na biyu a 1605, na uku a 1640. Wanda bai lura da shekaru ba zai iya mayar da su mutum guda. Shekarun ma sai an yi hattara da su, domin kafin 1752 ranar 25 ga Maris ce farkon shekara a Ingila, ta yadda Fabrairun da kundi ya rubuta 1639 shi ne 1640 a lissafin yau.

Tarko na biyu ya fi wannan girma. A 1786 George Lucy ya rasu bai taɓa aure ba, sai gandun ya koma hannun wani limamin coci mai suna John Hammond, wanda dangantakarsa da gidan ta wajen mace ce. A 1787 ya ɗauki sunan Lucy. Haka nan a 1892 Ada, magajiyar gidan, ta auri Henry Ramsay-Fairfax, aka haɗa sunayen biyu zuriyar ta zama Fairfax-Lucy. Ke nan sau biyu tsatson maza ya yanke, suna kuwa bai yanke ba. Dalili shi ne a irin waɗannan gidaje ba a rarraba gado, mutum ɗaya ke gaje ƙasa, kuma sau da yawa akan sharɗanta masa ɗaukar suna da tambarin gidan. A 1946 zuriyar ta miƙa gidan ga ƙungiyar adana kayan tarihi ta National Trust.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa a gidajen masu gandu suna yakan bi ƙasa ne. Saboda haka a kowane tsani na salsala mai nazari zai tambayi abu biyu: wane ne ya haifi wannan magidanci, kuma ta wace hanya ƙasar ta zo hannunsa. Inda amsoshin biyu suka saɓa, to, a nan ya kamata a nemi sunan macen da ta haɗa gidajen.