Ladubban Halartar Jana'izar Katolika

Wani ɗan kasuwa a garin Illela da ke kan iyakar Jihar Sakkwato da Birnin Ƙonni, yana tambayar yadda baƙo zai halarci jana'izar maƙwabcinsa ɗan Katolika ba tare da ya saɓa wa ladabi ba.

Illela tana ƙarƙashin Dayosis ɗin Sakkwato, wato yankin da Bishop Matthew Hassan Kukah yake jagoranta, kuma jana'izar Katolika takan fara da addu'ar dare, sannan Mass, wato babbar ibadar coci, kafin binnewa. A lokacin Mass, limamin coci, wanda ake kira Fada, yana yayyafa wa akwatin gawa ruwa mai tsarki, yana kuma turara shi. Abin da ya fi muhimmanci ga baƙo shi ne tarayya mai tsarki, wato gurasar da ake rabawa, domin 'yan Katolika kaɗai ake ba wa tarayya mai tsarki, saboda haka baƙo ya zauna a wurinsa cikin natsuwa. Maza kan cire hula a coci, mata kuma su rufe kai. Wanda bai samu shiga coci ba, ya je gida ya yi wa iyalai ta'aziyya, ya ce Allah ya ba su haƙuri.