Ofis Da Mai Ofis: Nazari A Kan Tsarin Ma'aikata A Masarautun Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Kowace irin hukuma, ta sarki ce ko ta zaɓaɓɓu, ba ta isa ga talaka sai ta hannun ma'aikata. Su ne ke ƙidaya masu biyan haraji, su rubuta, su adana, su kuma zartar da umurni. Wannan maƙala za ta duba wannan tsari na ofisoshi da ma'aikata, ta ɗauki masarautun ƙasar Hausa a matsayin misali. Manufarta ita ce ta nuna cewa ƙashin bayan tsarin shi ne raba ofis da wanda yake riƙe da shi.

Ma'anar Tsarin

Masanin da ya fi shahara wajen fayyace wannan batu shi ne Bajamushe Max Weber (1864–1920). A ganinsa, cikakken tsarin ma'aikata yana da siffofi sanannu. Muƙamai suna hawa-hawa, kowane da iyakar aikinsa. Ana aiki da rubutacciyar ƙa'ida, ana adana takardu. Ana ɗaukar ma'aikaci bisa cancanta, a biya shi albashi tsayayye. Uwa uba, kayan ofis da kuɗin ofis ba nasa ba ne, amana ce. Amfanin wannan ga jama'a a fili yake: hukuncin da aka yi wa attajiri shi za a yi wa mai faskare, ko da kuwa magatakarda bai san ɗayansu ba.

Kafin Zuwan Turawa

Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin rabon muƙamai. Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya kafa majalisar nan da ake kira Tara ta Kano, kuma shi ne Shaihu Al-Magili ya rubuta wa littafi kan wajibcin sarakuna. Bayan haka Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya ambaci waziri da alƙali da shugaban masu tsaro da mai karɓar haraji a matsayin ginshiƙan mulki. Ga kuma ma'aji da magatakarda a kowace fada.

To amma wani abu ya rage. Hakimai da yawa a birni suke zaune, jakadunsu ne ke zuwa ƙauyuka karɓar kuɗin ƙasa da jangali. Dagaci ya ɗebi rabonsa, jakada ya ɗeba, hakimi ya ɗeba, sannan saura ya isa fada. Ke nan abincin mai muƙami yana fitowa ne kai tsaye daga aljihun talaka, kuma iyakar da ke tsakanin dukiyar sarauta da ta mai sarauta ba ta fito sosai ba.

Baitulmali Da En'e

Bayan cin Kano da Sakkwato a 1903, Turawa suka tura hakimai su zauna a gundumominsu. Daga nan aka kafa Baitulmali, wanda Richmond Palmer ya fara gwadawa a Katsina zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Haraji ya zama ana raba shi, kashi ga gwamnatin mulkin mallaka, kashi ga Baitulmali. Daga cikinsa ake biyan sarki da hakimai da alƙalai albashi, bisa kasafin shekara. Rasit da littafin lissafi suka shiga tsakanin mai karɓa da mai biya.

A takarda, ofis ya rabu da mai ofis. A zahiri kuwa, samun aiki a En'e ya ci gaba da dogara ga haihuwa da barantaka, kuma tsarin ya fi ƙwarewa wajen tatsar haraji bisa ga sauraron kuka. Wannan ne ya sa a 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gabatar da ƙudurin yi wa En'e gyara a Majalisar Arewa, a shekarar da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ne ya kawo ƙarshen En'e.

Kammalawa

Hausawa na cewa sarki goma zamani goma. Aikin ma'aikata shi ne su sa haƙƙin talaka ya tsaya yadda yake ko zamani ya juya, takardar gonarsa ta jiya ta yi aiki gobe. Tarihin da aka bi ya nuna cewa albashi da fayil kaɗai ba su isa su tabbatar da haka ba. Muddin sai da sanayya ko goro takarda ke motsi daga wannan tebur zuwa wancan, to jakada bai tafi ba, riga kawai ya sake.