Amfilifayar Haɗin Gida Na Ɗaukewa Tana Dawowa: Ga Inda Ake Fara Dubawa

Matashin da ya haɗa amfilifaya da hannunsa a Kwatarkwashi ko Bungudu, da allon TDA7377 ko TPA3116 da ƙaramin allon Bluetooth don jin sauti daga waya, ya san wannan ciwon kan. Sauti na tafiya sai ya yanke, bayan daƙiƙa biyu ya dawo. Da yawa kan hau mota zuwa Gusau sayen sabon allo, alhali sau tari laifin na ɓangaren wuta ne.

Kafin a kwance komai, a lura da lokacin da take ɗaukewa.

Idan sai an ƙure murya ko ganga ta buga, wutar ce ba ta isa. Adafta mai bolt 12 da amfiya 1 wat 12 kacal take bayarwa. Da zarar an ja fiye da haka, kariyar cikinta kan kashe ta, ta sake kunna kanta. Allon Bluetooth ma ya mutu tare da ita, shi ya sa waya ke sake neman haɗi. A ɗora multimita a bakin allon, ba a bakin batir ko adafta ba, kuma a auna sauti na tashi. Awon da aka yi na'ura tana shiru yaudara ne, domin ko batirin sola da ya gaji kan nuna 12 da ɗoriya idan ba a ɗora masa nauyi ba. In bolt ya faɗi a allo amma bai faɗi a batir ba, igiyar wutar ce ta yi siriri ko mahaɗarta ta yi tsatsa.

Mai amfani da taransifoma a layin Kaduna Electric yana da wata matsalar. Idan wutar gari ta yi ƙasa da bolt 230, abin da taransifoma ke fitarwa ma sauka yake. Mai daidaita wuta na 7812 kuwa yana buƙatar kusan bolt 14 kafin ya ba da 12 tsayayye.

Idan sai ta yi minti ashirin ko talatin, zafi ne. Waɗannan alluna na kashe kansu in sun ɗau zafi, balle a Afrilu, ga ƙurar hunturu ta toshe ƙarfen sanyaya.

Idan kuma taɓa akwatin ke jawo shi, likin dalma ne ya tsage. A riƙa ƙwanƙwasa sassan da bayan biro na roba har a gano wurin, sannan a sake narka dalmar. Ƙafafun manyan kafasita da soket ɗin wuta su suka fi yin haka. Kafasitar da kanta ya kumbura a canza ta da mai ƙarfin bolt daidai ko sama, a kula da ƙafar da ke da alamar ragi.

A cire filogi kafin a kama dalma, a kuma auna manyan kafasita, don suna riƙe caji bayan an kashe wuta.